FAT32, exFAT ko NTFS: wanne ya dace da filash ɗinka, kuma wanne ya fi sauƙin ceto idan ya lalace

Kwanakin baya wani matashi mai ɗaukar bidiyon biki ya shigo shagon da nake gyaran kwamfuta, ransa a ɓace, ya ajiye filash a kan tebur ya ce, "Malam, an cuce ni. Giga 32 aka rubuta a jiki, babu komai a ciki, amma bidiyon giga 6 ya ƙi shiga." Har ya shirya komawa wurin wanda ya sayar masa su yi ta ta ƙare. Na saka filash ɗin a kwamfuta, na duba bayanansa, sai ga FAT32 a rubuce. Na ce masa ya zauna, an bar jaki ne ana dukan taiki. Filash ɗinsa lafiya lau yake, tsarin da aka yi masa fomat da shi ne ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4. Muka sake yi masa fomat da exFAT, bidiyon ya shige. Washegari ya dawo, wai talabijin ɗin gidan amarya ta ƙi ganin filash ɗin gaba ɗaya.

Wannan zuwa biyu da ya yi ta ƙunshi kusan duk abin da ke cikin zaɓen nan. Babu ɗaya daga cikin tsare-tsaren uku da ya fi sauran ta kowace fuska, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne na'urar da ta fi tsufa cikin waɗanda za a soka wa filash ɗin.

A ɗauki filash kamar babban sito mai dubban ƙananan ɗakuna masu lamba. Fayil ɗaya yakan cika ɗakuna da yawa, wani lokaci a jere, wani lokaci a warwatse. Dole a sami littafin da ke cewa kayan wane suna ɗaki kaza da kaza, ɗakuna kaza kuma babu kowa. FAT32 da exFAT da NTFS hanyoyi uku ne na rubuta wannan littafi, dukkansu daga kamfanin Microsoft. Idan aka ce filash ya lalace, sau da yawa littafin ne ya yage, kayan suna nan a ɗakunansu. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa ake iya dawo da fayil bayan an goge shi, da kuma dalilin da ya sa wani lokaci ba a iyawa.

FAT32 ya fito a 1996 tare da wani bugu na Windows 95, kuma tsufansa shi ne ƙarfinsa. Rediyon mota, sifika mai ramin filash da ake kunna karatu ko wa'azi da ita, tsohuwar talabijin, dikoda, firinta mai karanta filash kai tsaye, yawancin kekunan ɗinkin kwamfuta masu yin aiki a wuyan riga, duk sun san shi. Masu ƙera irin waɗannan na'urori suna saka musu ƙaramar ƙwaƙwalwa mai araha, kuma FAT32 ne tsarin da ya fi sauƙin koya mata. Haka idan za a sabunta BIOS na kwamfuta, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da ita kafin Windows, ko a tayar da ita daga filash ta hanyar UEFI, sabon salon BIOS ɗin, FAT32 ne tsarin da ake da tabbacin za ta karanta.

Iyakarsa biyu ce. Ta farko ita ce wadda ta kama mai bidiyo: girman fayil ana rubuta shi ne a gurbi mai bit 32, don haka mafi girman abin da zai ɗauka shi ne bayit 4,294,967,295, wato giga 4 ba bayit ɗaya. Babu dabarar da ke ƙetare wannan sai a yanka fayil ɗin gida biyu ko a matse bidiyon. Ta biyu kuwa ba laifin tsarin ba ne, taurin kan Windows ne: tagar fomat da aka saba da ita ba ta ba ka zaɓin FAT32 idan filash ya wuce giga 32, alhali tsarin kansa yana iya riƙe har tera 2. Wanda ke da filash mai giga 64 kuma yana so rediyon motarsa ta karanta, sai ya nemi wata manhaja kamar Rufus, ko ya yi fomat ɗin a kwamfutar Mac ko Linux. Yana yiwuwa, ina yi wa direbobi kusan kullum.

exFAT an fito da shi a 2006 musamman don ma'ajiya irin ta filash da memori. A 2009 ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar katin SD ta ɗauke shi a matsayin tsarin katunan SDXC, wato waɗanda suka haura giga 32, shi ya sa babban memorin kyamara yake zuwa da shi tun daga kamfani. Iyakar girman fayil ɗinsa tana da nisan da babu filash a kasuwa da ya kusance ta. Windows na karantawa da rubutawa, Mac ma haka tun 2010. Linux ya daɗe yana jan ƙafa saboda haƙƙin mallaka, har sai da Microsoft ya wallafa ƙa'idojin tsarin a 2019, aka shigar da shi cikin zuciyar Linux daga bugu na 5.4. PlayStation 4 da 5 da ake gani a gidajen gem suna karɓar exFAT da FAT32, ba sa karɓar NTFS. Wayoyin Android da yawa na yanzu suna karanta shi ta OTG, wato 'yar mahaɗar da ake soka filash a waya da ita, amma ba duka ba, musamman ƙanana da tsofaffi, don haka a gwada kafin a dogara.

Akwai wani abu game da exFAT da ba kasafai ake faɗa wa mai saye ba. FAT32 yana ajiye kwafi biyu na jadawalin ɗakunansa, exFAT kuwa yadda aka saba yin sa kwafi ɗaya ne. Kuma dukkansu biyu ba sa rubuta niyyarsu kafin su yi aiki. Idan aka fizge filash ana tsakiyar kwafi, ko wuta ta ɗauke a kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke, littafin na iya tsayawa rabi a rubuce rabi ba a rubuta ba. A abin da nake gani a shago, filash mai exFAT da ake yawo da shi tsakanin Mac da Windows, ana cirewa ba tare da sallama ba, wato ba a danna Eject ba kafin a cire, yana cikin waɗanda suka fi dawowa da kuka.

A nan ne NTFS ya yi musu fintinkau. Ya girme su duka, tun 1993 ya zo da Windows NT 3.1, kuma shi ne ke cikin babban faifan kusan kowace kwamfuta mai Windows. Kafin ya taɓa littafinsa, sai ya rubuta a wani ɗan kundi na daban cewa ga abin da zan yi. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, da an dawo sai ya duba kundin, ya ƙarasa aikin ko ya warware shi. Sai dai a fahimci iyakar wannan kariya: littafin take karewa, ba cikin fayil ba. Takardar da kake tsakiyar adanawa lokacin da aka fizge filash tana iya lalacewa, amma da wuya sauran folda su bi ta. Wannan bambanci babba ne ga wanda ke buɗe aikinsa kai tsaye daga filash yana gyarawa.

Kuɗin da ake biya a kan wannan shi ne ƙuncin wurin zuwa. Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutawa sai an ƙara masa manhaja. Rediyon mota da sifika yawanci ba su san shi ba. Wasu talabijin na zamani suna karɓa, wasu ba sa karɓa. Yana kuma ɗauke da tsarin izini na wane ne zai buɗe wane fayil, abin da ke da amfani a ofis amma yakan zama ciwon kai a filash: ka kai folda wata kwamfuta ta ce ba ka da ikon shiga kayanka. Ana yawan cewa kundin nan yana cinye rayuwar filash saboda ƙarin rubutu. Akwai ƙarin rubutun, gaskiya ne, amma ni ban ɗauke shi dalilin gudun NTFS ba. Filash ɗin da ke zuwa hannuna a mace, faɗuwa da zafi da karyewar baki da rashin ingancin ƙira ne suka fi kashe su.

APFS na Apple da ext4 na Linux ba sai an tsaya a kansu ba. Windows ba ya buɗe su haka kawai, kuma yana iya ce maka filash ɗin na buƙatar fomat alhali lafiyarsa ƙalau. Sun dace ne kawai da wanda filash ɗinsa ba zai taɓa barin irin kwamfutarsa ba.

To wanne za a ɗauka? Ni shawarar da nake ba kowa ita ce ya daina neman filash ɗaya ya yi masa komai. Ƙarami mai giga 8 ko 16 a kan FAT32 shi ne na fita: mota, talabijin, shagon buga takardu, wurin masu tura waƙa da fim. Kada a ajiye komai a cikinsa da ba shi da kwafi a wani wuri. Babba mai giga 64 zuwa sama a kan exFAT shi ne na manyan bidiyo da kai kaya tsakanin Windows da Mac da waya. NTFS na wanda duniyarsa Windows ce kawai, kamar akawu ko ɗalibin da ke aiki kai tsaye a kan filash a inda wuta ba ta da tabbas. Mai bidiyon nan abin da muka yi masa ke nan: ainihin aikin ya zauna a exFAT, muka matse kwafi ɗaya ya sauko ƙasa da giga 4, muka zuba a ƙaramin FAT32 don talabijin ɗin amarya.

Maganar sallamar filash kafin cirewa ma ta ɗan canza. Daga bugun Windows 10 mai lamba 1809, an mayar da tsarin da Windows ke bi da filash ya zama na saurin cirewa, wato ba ya tara rubutu a ƙwaƙwalwa yana jinkirtawa. Wannan ya rage haɗari, bai kawar da shi ba. Idan kwafi bai ƙare ba, ko akwai fayil a buɗe, fizgewa na nan da illarta. Mac da Linux kuma suna jinkirta rubutu, a can sallamar wajibi ce.

Yanzu ga ranar da abin ya riga ya faru. Doka ta farko, wadda ta fi kowace manhaja muhimmanci: kada a sake rubuta komai a kan filash ɗin. Kada a zuba sabon fayil don gwaji, kada a sauke manhajar ceto a cikinsa, kada a mayar da abin da aka ceto cikinsa. Gogewa ba ta share ɗakuna, tana rubuta "babu kowa" ne kawai a littafi, kuma duk sabon abin da ya shigo yana iya zama a ɗakin da hoton da kake nema yake. A tuna kuma abin da aka goge daga filash yawanci ba ya zuwa kwandon shara na Windows.

Sannan a gane wace cuta ce, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Wadda ta fi yawa a wurinmu ba ma lalacewa ba ce. Wata ɗaliba ta taɓa zuwa da hawaye, saura kwana biyu ta miƙa furojet, ta kai filash shagon buga takardu ta dawo ta tarar duk foldarta sun koma gajerun alamomi masu 'yar kibiya a gefe. "Yaya, don Allah duba min, babi biyar ne a ciki." Na duba girman abin da ke cikin filash ɗin, na ga har yanzu ya nuna a cike. Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Bairos ne mai ɓoye folda ya ajiye na bogi a madadinsu, wanda duk ya danna na bogin ya kamu. Bayan na wanke filash ɗin da manhajar kashe bairos, na buɗe baƙar tagar cmd, inda ake rubuta wa Windows umarni, na rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* inda E ke matsayin harafin filash ɗin, kafin ta gama share ido folda sun bayyana. Wannan bairos bai damu da FAT32 ko NTFS ba, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa filash ɗin fita ya zama daban.

Idan gogewa aka yi bisa kuskure, ko aka yi fomat na gaggawa, a nan tsarin da ka zaɓa tun farko yake nuna halinsa. A NTFS kowane fayil yana da shafinsa a babban jadawalin da ake kira MFT, mai ɗauke da sunansa da jerin duk ɗakunan da yake ciki. Gogewa tana sa wa shafin alamar ba a amfani da shi, amma bayanin yana nan har sai an ba wani shafin. Shi ya sa Recuva, manhajar kyauta mai sauƙin dannawa, take yawan dawo da fayil da sunansa da foldarsa a NTFS. A FAT32 gogewa tana canza harafin farko na sunan, ta kuma share sarƙar da ke cewa daga wannan ɗaki sai wancan. Idan fayil ɗin a jere yake, za a same shi. Idan a warwatse yake, kamar babban bidiyo a filash ɗin da aka daɗe ana cikawa ana gogewa, manhaja sai dai ta yi hasashe, sai ka sami bidiyo mai cikakken girma da ya ƙi buɗewa. exFAT yana tsakiya: fayil ɗin da ke jere yana da alamar hakan a bayaninsa, don haka cetonsa kan yi kyau, warwatsattsen kuwa babu tabbas. Fomat na gaggawa sabon littafi kawai yake rubutawa, akwai sauran fata. Cikakken fomat, tun daga Windows Vista, sifiri yake bi ya rubuta a kowane ɗaki, bayansa babu abin da ke dawowa.

Cuta ta uku ita ce mai firgitarwa: ka soka filash, Windows ya ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi, a bayanansa kuma ka ga RAW, wato Windows bai gane tsarinsa ba. Kada ka amince da fomat ɗin. Sau da yawa shafin farko ne kawai ya lalace, wanda ke gaya wa kwamfuta wane irin littafi ne wannan, kuma duk tsare-tsaren uku suna da kwafinsa a ɓoye: FAT32 a sashe na 6, exFAT daga sashe na 12, NTFS a can ƙarshen faifan. TestDisk, manhajar kyauta da wani Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, tana iya ɗauko kwafin ta mayar, ko ta nuna maka folda ka kwashe su zuwa wani wuri ba tare da ta taɓa filash ɗin ba. Ni kwashewa nake fara yi, gyara ya biyo baya. Fuskarta baƙa ce, da kibiyoyin kibod ake tafiya, tana tsorata sabon shiga, amma a irin wannan matsala na fi yarda da ita a kan da yawa daga cikin na kuɗi.

Idan littafin ya tafi gaba ɗaya, sai 'yar'uwarta PhotoRec da suke zuwa tare. Ita ba ta neman littafi, ɗaki ɗaki take bi tana shinshina farkon fayil: hoton JPEG yana farawa da FF D8 FF, takardar PDF da %PDF, haka ɗaruruwan nau'o'i. Tana ceto abin mamaki, amma ba suna ba folda. Za ka sami dubban fayil masu sunaye irin f0012345.jpg, har da waɗanda ka goge shekara biyu da suka wuce, ka zauna kana tantancewa. Don hotuna da takardu kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Don manyan bidiyo da suka warwatse, a rage buri.

chkdsk kuma, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, wanda shi ne kowa ke fara ba da shawara, ni a ƙarshe nake ajiye shi. Aikinsa daidaita littafi ne, ba ceton kayanka ba. Idan ya ga ɗakunan da bai san mai su ba, sai ya yanke su ya zuba a wata ɓoyayyiyar folda mai suna FOUND.000 a matsayin guntaye irin FILE0000.CHK, kuma rubutu yake yi a kan filash ɗin da ake so a bar shi yadda yake. A filash ɗin da ya koma RAW ma yakan ƙi aiki. Bayan an kwashe komai, a sake shi ya gyara.

Filash ɗin da ke ɗaukewa yana dawowa, ko yake tsayawa cak a tsakiyar karatu, jikinsa ne ke mutuwa, kuma kowace sokawa na iya zama ta ƙarshe. Wannan ɗaukar hotonsa gaba ɗaya ake yi, wato a kwafi duk ɗakunansa yadda suke, zuwa babban faifai da manhajar ddrescue a Linux, wadda ke fara kwashe wuraren da ke karantuwa kafin ta koma kan masu wuya, sannan a yi duk aikin ceto a kan hoton. Wanda kwamfuta ba ta gani sam, ko take nuna girmansa sifiri, ya wuce manhaja, sai masu kayan aikin ciro ƙwayar ajiyar su karanta ta kai tsaye, aiki mai tsada da ba ko'ina ake yi ba.

Saura cuta ɗaya da ba ta da magani, kuma zargin da mai bidiyo ya fara yi ke nan, ko da yake nasa bai kasance haka ba. Akwai filash na jabu da aka koya wa ƙarya: ƙwayarsa giga 8 ce, yana gaya wa kwamfuta shi 128 ne. Zai karɓi kaya har ya wuce ainihin cikinsa ba tare da ƙorafi ba, sunayen fayil duk suna nan, amma abin da ya haura iyakar ko dai ya hau kan na farko ko bai sauka ko'ina ba. Babu TestDisk ko PhotoRec da za ta dawo da abin da ba a taɓa ajiyewa ba. Kada a rikita wannan da ragin da ake gani a filash na gaskiya, inda mai giga 32 ke nuna wajen 29, mai 64 ke nuna wajen 59 ko ƙasa kaɗan. Wancan bambancin lissafi ne, kamfani na ƙirga da 1000, Windows da 1024. Hanyar ganewa ita ce H2testw a Windows ko F3 a Linux, waɗanda ke cika filash ɗin taf da bayanan gwaji su sake karantawa su faɗi nawa ne ya dawo daidai. Yakan ɗauki awa ɗaya ko fiye, gwargwadon girma da saurin filash ɗin. Duk sabon da na saya, a ranar nake yi masa wannan gwaji tun rasit yana hannuna, idan ya ci sannan in yi masa fomat da tsarin da aikinsa ke buƙata, in manna 'yar takarda a jikinsa in rubuta FAT32 ko exFAT da biro.